Yadda Na Buɗe wa Baban Habibu Mashaya

Ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Juma'a a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad ba, ranar da aka danƙa mini mutuncin wani gida guda a hannu, na kuwa kusa kifar da shi a kan darduma, a gaban limamin unguwa.

Lokacin ina karatun harshen Larabci a jami'a a nan Riyad. Abokaina na gida da ke aiki a gari, direbobi da magina da masu tsaron shago, Malam Ƙamus suke kirana. Su da zolaya suke faɗa, ni kuma da gaske nake amsawa. (Ba zan ɓoye muku ba, har ta kai idan aka kira ni da sunan yanka sai in ji kamar an rage mini matsayi.) Ni ne nake shiga ɗan shagon unguwa sayen burodi in yi wa mai shago Larabcin huɗuba, shi kuwa bawan Allah ya tsaya yana kallona har in ƙare, sannan ya ce, "Kam habba?" Wato dai guda nawa nake so.

A cikin abokan nan akwai Habibu, mutumin Maigatari, direban wani shagon kayan ɗaki, yana zaune a unguwar Al-Oud. Habibu irin mutanen nan ne da za ku wuni tare bai yi magana goma ba, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai shi za ka fara gani a bakin ƙofa da kular abinci. Ta hannun wata gwaggo da yake sayen waina a wurinta ya sami labarin Ruƙayya, 'yar wani gidan Hausawa da suka daɗe a ƙasar nan, tun zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa. Sun ga juna, sun daidaita. Saura magana ta je gaban manya.

A nan aka sami matsala. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Abu Yasir, ya ce shi bai ƙi yaron ba, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san gidansu ba. Yana so a zo a gaya masa su wane ne iyayen Habibu, me suke yi, da me aka san su. Habibu kuwa ba shi da kawu ko baffa a Riyad. Ga shi Abu Yasir a nan aka haife shi, Hausarsa ta gaisuwa ce da ciniki, kuma ya ce zai gayyato limamin masallacinsu, Balarabe, ya zauna a wurin. Dole mai magana ya yi da Larabci. To wa za a nema in ba Malam Ƙamus ba?

Na zaunar da Habibu na ce ya ba ni tarihin gidansu. Ashe abin alfahari ne a ɓoye. Kakansa fatoma ne, mahaifinsa ma ya gada. Ga wanda bai san kasuwar dabbobi ba, fatoma shi ne maigidan da fatake ke sauka a wurinsa. Shi zai ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya tsare musu kaya da dabbobi, ya haɗa su da mai saye. Habibu ya ce gidansu ba a rufe ƙofar zaure. Masu shanu daga Nijar, masu raƙuma daga can cikin sahara, duk nan suke kwana, kuma shi tun yana ƙarami aikinsa ke nan ya zagaya da ƙwaryar fura yana miƙa wa baƙi.

Na ce, "Kai, mutumina, ai ka gama samun mata. Ka bar mini sauran."

Na koma ɗaki na shiga tsara jawabi. Ba jawabi na kowa da kowa ba, irin wanda ƙarshen kowace jimla ke amsa ta gabanta, kamar na manyan masu huɗuba. Sai na zo kan kalmar da zan kira gidan da ita. Na san "funduƙ", amma wannan da an faɗe ta sai mutum ya hango dogon bene da ma'aikaci mai ɗamara a bakin ƙofa. Ba ta dace da zaure da turken shanu ba. Can sai na tuna wata tsohuwar kalma da na ji a darasin tarihi: "khan", masaukin ayari, inda fatake ke sauke kaya su ɗaure dabbobi. Na tashi tsaye don murna. Kamar don gidan su Habibu aka ƙirƙiro ta.

Sai dai akwai abu biyu. Na farko, Larabci yana da wasu haruffa biyu masu kama da juna, ɗaya ana kankaro shi daga maƙogwaro kamar mai kaki, ɗayan ana huro shi da taushi. Mu kuwa duka "ha" muke ce musu, mu huta. Shi ya sa muke da Halidu da Hadiza da alheri. Don haka a bakina "khan" ta riga ta zama "han". Na biyu, jimlolina duka da "amana" da "diyana" da "makana" suke ƙarewa, wato riƙon amana da addini da matsayi, ita kuwa "han" ta tsaya cak kamar an guntule mata wutsiya. Sai na ƙara mata ɗan wasali a ƙarshe don ta bi sahu. Ta zama "hana". Na maimaita a gaban madubi, na ji ta zauna daram. (Ƙamus ɗin gaske yana kan teburina a lokacin. Ban buɗe ba. Ƙamus ai ba ya duba ƙamus.)

Ranar Juma'a bayan la'asar Habibu ya zo ya ɗauke ni. Ya sa farar shadda mai sitaci. Muna cikin tafiya ya ce, "Malam, ka dai faɗi gaskiya kawai. Kada ka ƙara mana abin da ba mu da shi."

Na ce, "Kai dai ka sunkuyar da kai irin na surukai."

Gidan irin tsofaffin gidajen Ulaisha ne, ƙofar ƙarfe da ɗan tsakar gida. Aka kai mu ɗakin baƙi, an shimfiɗa darduma an jera matasai, turaren wuta na tashi. Abu Yasir yana zaune, ƙaƙƙarfan mutum mai ƙarancin murmushi. Kusa da shi liman. Akwai wasu 'yan'uwa da maƙwabta. A can kusurwa kuma wani tsoho siriri yana jingine da matashi, gemunsa fari fat, da hular Hausa a kansa maimakon mayafin da sauran suka yafa. Shi ne kakan Ruƙayya, Baba Haruna. An gaya mini ya yi shekaru yana koyar da yara Larabci kafin ya ajiye aiki, amma na ɗauka tsufa ya riga ya cinye shi, don tun da muka gaisa idonsa a lumshe yake.

Aka zagaya da gahawa da dabino. Abu Yasir ya dube ni ya ce, "Tafaddal," wato bismilla, in fara. Na gyara zama, na yi gyaran murya.

Farkon ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Na yi hamdala, na yi salati, na yabi gidan da muka zo. Liman yana gyaɗa kai. Na ji wani sanyi a raina. Sannan na juya kan Habibu, na ɗaga murya, na ce mutanen gidansu "ahlu amana, wa ahlu diyana, wa as'habu hana!" Wato masu amana, masu addini, masu hana.

Liman ya tsaya da ɗan kofinsa a tsakanin hannu da baki.

Ni kuwa na ɗauka daɗin jimlar ne ya kama shi. Sai na ƙara wuta. Na ce wannan hana tasu ita ce mafi girma a duk garin. Na ce tun zamanin kakansa ƙofarta ba ta taɓa rufuwa ba, dare da rana, har da watan azumi. Na ce mutane suna tahowa daga ƙasashe masu nisa saboda ita, kuma ba a taɓa jin wanda ya shiga ya fito da ƙishirwa ba. Na ce wasu kan jigata har sai an tallabe su an kwantar. (Masu raƙuma nake nufi, wallahi, bayan doguwar tafiya.) Na ce hatta malamai in sun shigo garin can suke fara sauka.

Ɗakin ya yi tsit. Wani maƙwabci yana kallon silin. Wani ya rufe baki da gefen mayafinsa, kafaɗarsa na motsi, na ce a raina kuka ya zo masa. Fuskar Abu Yasir kuwa ta haɗe kamar hadari, na fassara hakan da cewa yana auna girman gidan da zai haɗa zuri'a da shi.

Sai na kawo ƙarshen da na fi alfahari da shi. Na dafa kafaɗar Habibu na ce wannan saurayi a cikin hana aka haife shi, a cikinta ya yi rarrafe, kuma tun bai kai ya riƙe alƙalami ba yake zagayawa da ƙwarya yana shayar da masu zuwa, ɗaya bayan ɗaya, har su ƙoshi. Habibu, wanda Larabcinsa na titi ne da lodi da sauke kaya, ya ji an ambaci sunansa an dafa shi, sai ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi."

Liman ya ajiye kofin a hankali ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah."

A nan ne jikina ya fara gaya mini akwai wani abu. Abu Yasir ya juyo, bai ko dube ni ba, Habibu ya duba, ya tambaye shi da Hausarsa mai nauyi, "Babanka, har yau yana wannan aiki?"

Habibu ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. Yanzu ma ya faɗaɗa wurin."

Abu Yasir ya dafa gwiwa zai miƙe. Na rantse da ya miƙe ɗin, da maganar auren nan ta mutu a wurin, don irin mutumin nan ba ya zama sau biyu a kan magana ɗaya.

"Usmanu, zauna."

Tsohon ne. Da sunan yanka ya kira ɗansa, bai ɗaga murya ba, Abu Yasir kuwa ya koma ya zauna kamar ɗalibi. Baba Haruna ya buɗe ido sosai, ashe duk abin nan yana ji. Ya dube ni ya yi mini magana da wata tsohuwar Hausa mai daɗi, irin wadda rabona da ji tun kakata na raye.

"Ɗana, bar Larabcin nan tukuna. Da bakinmu, me ake ce wa uban yaron nan a garinsu?"

Na ce, "Fatoma ne, Baba."

"Fatoma." Ya maimaita kalmar a hankali kamar mai tsotsar alewa. Ya juya ga Habibu. "Masu shanu ke sauka a gidanku?"

"E, Baba, da masu raƙuma."

"Me kake zagayawa da shi a ƙwaryar?"

"Fura ce, Baba. Wani lokaci kunu."

Tsohon ya yi murmushi, ya koma Larabci, ya fuskanci liman da sauran. Ni da nake ji da kaina, ranar na ji yadda ake magana. Babu kwalliya, babu jimla mai amsa wata, amma kowace kalma tana kan mazauninta. Ya ce wannan ɗalibi "khan" yake nufi, masaukin matafiya, sai harshensa ya zame ya faɗa "hana", gidan da ake sayar da giya. Ya ce a rubuce tazarar da ke tsakaninsu ɗigo ɗaya ne a sama da harafi ɗaya a ƙarshe, amma a zaune tazarar mai nisa ce: ɗaya wurin da mutum ke shiga a gajiye ya fito da ƙarfinsa, ɗayan wurin da yake shiga da hankalinsa ya fito babu. Ya ce laifin ba na yaron kaɗai ba ne, maƙogwaron mutanenmu ne bai raba haruffan biyu ba.

Gidan giya. Sai a lokacin kalmar ta faɗo mini daga inda ta ɓuya, na tuna na taɓa cin karo da ita a aji, na wuce. Na shiga bin jawabina daga farko ina saka ma'anar gaske a ciki: ƙofar da ba ta rufuwa har da azumi, waɗanda ake tallabewa, malaman da ke fara sauka, yaro da ƙwarya. Na dubi darduma ina neman inda zan shige.

Dariya ta fara ɓallewa daga wajen mai mayafin nan, na san kuma in ta kama ɗakin, a kaina za ta sauka, daga nan ta bi ni har jami'a. Baba Haruna ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Kafin ku yi masa dariya, ku fara yi mini."

Ya ba da labarin zuwansa Najeriya na farko, yana magidanci, da Hausar da ya koya a bakin mahaifiyarsa. Aka sauke shi a gidan wani baffansa, babban malami, zaure cike da dattawa. Shi kuma ya saba kullum da yamma ya fita gidan gahawa. Ya rasa yadda ake faɗa da Hausa, sai ya yi lissafi irin na malaman nahawu: wurin sauka masauki, wurin zama mazauni, to wurin sha fa? Ya dubi baffansa a gaban jama'a ya ce, "Baffa, ina mashaya mafi kusa? Ni fa ba na iya wuni ban leƙa ba." A Hausar mahaifiyarsa, in ji shi, mashaya bakin rafi ce inda shanu ke shan ruwa, bai san a birni ta koma wani abu ba. Da ya ga fuskoki sun canza sai ya nemi gyarawa, ya ce, "To ko otal ma ya isa." Ashe a garin baffan nasa, in ka ce wane yana zuwa otal da yamma, ba kwana ake nufi ba.

Ya fassara wa liman, ya kwaikwayi fuskar baffan nasa. Liman ya yi dariya har da share hawaye. Abu Yasir ma, wanda na ɗauka ba a halicce shi da haƙora ba, sai ga su. Dariyar da aka tanadar mini duka ta koma kan tsohon, shi kuwa yana zaune yana karɓa da jin daɗi.

Da ta lafa, sai ya sauya murya. Ya ce da mahaifinsa ya taso daga ƙasar Hausa zuwa hajji a ƙasa, shekaru ya yi a hanya, kuma ba don gidaje irin na su Habibu ba da bai iso ba, da babu shi, babu 'ya'yansa da jikokinsa. Ya ce mutumin da fatake ke barin dukiyarsu a hannunsa su yi barci, ba sai an tambayi riƙon amanarsa ba. Ya dubi ɗansa ya ce, "Kana neman asali. Ga shi nan zaune a gabanka." Ya ce duk da haka a kira mutanen gida a bincika, don haka ake yi. Abu Yasir ya ce, "Na ji, Baba." Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a.

Da za mu fita na durƙusa gaban tsohon, na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya riƙe hannuna. "Farkon jawabinka ya yi kyau, ka iya. Ka riƙa zuwa ranar Juma'a muna gyara maƙogwaron nan."

A bakin ƙofa Abu Yasir ya ja ni gefe. Na sadaƙar faɗa zan sha. Sai ya ce, cikin mamaki, shi tunda yake bai taɓa jin labarin mashayar nan ba, ko mahaifiyarsu bai jin ta sani. Wato tsohon nan ya yi shekara da shekaru yana ɓoye kunyarsa, 'ya'yan cikinsa ma bai ba su ba, sai ranar ya ciro ta ya shimfiɗa a gaban limamin unguwarsa don ya rufa wa wani ɗalibi mai rawar kai da bai taɓa gani ba asiri. Na yi karatu a gaban malamai da yawa, masu manyan digiri, amma ban ga wanda ya yi mini irin wannan ba.

Muka shiga mota, Habibu ya ja har muka wuce unguwar Batha. Sannan ya ce, "Malam, wai me ka ce ina zubawa a ƙwaryar?" Na gaya masa. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya har na fara tsoron numfashinsa.

An yi bincike, an ɗaura aure bayan 'yan watanni. Na kuma riƙa zuwa Ulaisha ranar Juma'a, ina zama gaban Baba Haruna ina kankaro harafi daga maƙogwaro kamar mai ƙaya a wuya, yana cewa, "Sake." Ranar walima Habibu ya miƙo mini waya ya ce mahaifinsa ke son gaisawa da ni daga Maigatari. Na karɓa da hannu biyu, na rusuna kamar yana ganina.

"Kai ne Malam Ƙamus?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. An ce ka buɗe mini sabuwar sana'a a Saudiyya. To ni dai har yanzu ban ga ciniki ba."

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa, amma ina riƙe da shi da kyau. Yanzu in ina magana a taro na ga ɗaki ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido baki buɗe, ba na ƙara murya. Tsayawa nake yi in tambayi na kusa da ni, "Me na ce?"